Kashi 30 Cikin 100: Labarin Ƙullutun da Aka Cire Mini a Wuya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malama ce a cikin birnin Kano. Da safe ina koyarwa a firamare, da daddare kuma ina biya wa matan aure karatun Alƙur'ani da tajwidi a wata Islamiyya ta unguwarmu. Shekaruna sun haura arba'in, ina da yara biyar. Na faɗi sana'ata tun da wuri ne saboda murya ita ce jarina, kuma duk shawarar da aka yanke a wannan labari sai da aka yi lissafi da ita.

Tun da aka yi mini aiki a wuya mata ke tare ni, a makaranta, a gidan biki, har a wurin ta'aziyya. Wata ta ja ni gefe ta ɗaga hijabi ta ce in taɓa in ji. Ni ba likita ba ce, abin da kawai zan iya shi ne in faɗi yadda nawa ya kasance, daga farko har ƙarshe, ko wata za ta san tambayoyin da ya kamata ta yi.

Babbar 'yata ce ta fara gani. Ina shan ruwa a tsakar gida ba mayafi, sai ta ce, "Umma, mene ne wannan yake hawa yana sauka a wuyanki?" Na shafa, na ji wani ɗan ƙullutu a ɓangaren dama, ƙasa da maƙogwaro. Ba ya ciwo, ba ya hana ni haɗiya, idan na haɗiye yawu sai ya bi ya hau ya dawo. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan. Mu da wuyanmu ke rufe yini guda, kuma ba wuya muke kallo a madubi ba, abu zai iya shekara yana girma ba mu sani ba.

A gidanmu maƙoƙo ba baƙon abu ba ne. Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ta yi fama da wani babba wanda har sai ta ɗan karkata kai in za ta yi magana, kuma ta rayu da abinta har ta ga jikokin 'ya'yanta. Don haka da labari ya kai kunnen Gwaggona, cewa ta yi, "Gadon gida ne, ki bar shi. Wa ya taɓa mutuwa da maƙoƙo?" Wata maƙwabciya ta kawo sunan wanzamin da ke yin tsaga, wata ta kawo garin shafawa a leda. Na karɓi addu'a da ruwan zamzam da hannu biyu, tsaga kuwa na ce a'a. Daga baya na gane cewa irin maƙoƙon su Kaka yawanci ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci ke kawo shi, shi ya sa ya ragu sosai tun da aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya a 1993. Nawa ba irin wancan ba ne. Ƙullutu ɗaya ne tak a cikin ƙwayar da likitoci ke kira tayirod, wadda ke zaune a gaban bututun numfashi, ɓangare ɗaya a dama ɗaya a hagu, tana fitar da sinadarin da ke saita ƙarfin jiki da bugun zuciya da ɗumin jiki.

Wurin farko da muka je wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa. Likitan ya tsaya a bayana, ya ɗora yatsu a wuyana, ya ce in haɗiye yawu. Bai fi minti kaɗan ba ya koma kujerarsa ya ce, "Hajiya, irin wannan gara a cire tayirod ɗin gaba ɗaya a huta, kada ya zama kansa." Ya rubuta kuɗin aiki, ya ba da rana. Kalmar kansa kaɗai na ji, sauran maganar duk ta bi iska. Maigida kuwa tun a mota ya fara lissafin abin da zai sayar.

Allah Ya sa ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce. Da muka gaya mata a daren, ta ajiye cokalin da ke hannunta ta ce, "Anti, an ɗebi jininki?" Na ce a'a. "An yi miki hoto?" A'a. "An sa allura an ɗebo abin da ke ciki?" Na ce ni ban ma san ana yin haka ba. Ta juya wajen yayanta ta ce, "Yaya, wallahi ba wanda zai sa wa matar nan wuƙa a wuya ba a yi waɗannan ukun ba." Ita ce ta nema mana katin ganin likitan tiyata a asibitin koyarwa.

A can ne na fara fahimtar cewa ƙullutun tayirod abu ne da ya cika duniya. Likitan ya ce idan aka ɗauki manya masu lafiya aka yi musu hoton wuya, za a iya samunsa a kusan rabinsu, musamman mata da masu shekaru, kuma a cikin goma da wuya a sami fiye da ɗaya da yake kansa. Aikin likita, in ji shi, shi ne ya tace ya gano wannan ɗayan ba tare da ya yanka sauran taran ba. Ya yi mini tambayoyi da yawa: ko muryata ta canja, ko ƙullutun ya girma da sauri, ko ina shaƙewa in na kwanta, ko akwai wanda ya taɓa kansar tayirod a danginmu, ko an taɓa gasa mini wuya ko ƙirji da na'urar maganin kansa ina yarinya. Duk na ce a'a. Ya shafa gefen wuyana yana neman kaluluwa, bai ji komai ba.

Gwajin jinin, wanda ake kira TSH, ya fito daidai. Na yi murna, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba haka ba ne. Da a ce ya fito ƙasa sosai, da alama ce cewa ƙullutun yana fitar da sinadari fiye da kima, kuma irin wannan da wuya ya zama kansa. Fitowarsa daidai ba ta wanke shi ba, ta dai nuna cewa sai an ci gaba.

Ranar hoto aka kwantar da ni, aka cusa matashi ƙarƙashin kafaɗuna har kaina ya lanƙwashe baya, aka shafa wani man mai sanyi. Likitar hoton, mace ce, tana yawo da kan na'urar a wuyana tana faɗa wa wani ƙaramin likita abin da zai rubuta. Na roƙe ta ta fassara mini, kuma Allah Ya saka mata, ta juyo da allon ta nuna mini. Ta ce abu biyar suke dubawa: ko ƙullutun ruwa ne ko nama, ko ya fi naman da ke kewaye da shi duhu, ko tsayinsa ya fi faɗinsa, ko bakinsa sumul ne ko mai ƙaya-ƙaya, da kuma ko akwai ƙananan fararen ɗigo a cikinsa. Kowanne da makinsa. Ana haɗa makin a sa ƙullutun a aji daga 1 zuwa 5, tsarin da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 2017 da sunan TI-RADS. Nawa nama ne duka, maki 2, kuma ya ɗan fi kewayensa duhu, wani maki 2. Bakinsa sumul, ba fararen ɗigo, faɗinsa ya fi tsayinsa. Jimla 4, wato aji na 4. Girmansa santimita 2.8. Ta ce a aji na 4 da zarar ya kai santimita 1.5 ana sa allura, a aji na 5 tun daga santimita 1, a aji na 3 kuwa sai ya kai 2.5. Na ce, "Likita, ni malamar makaranta ce, maki huɗu faɗuwa ce ko ci?" Ta yi dariya ta ce tsaka-tsaki ne.

Allurar ba ta kai tsoron da na ji ba. Siririya ce, ta fi wadda ake ɗibar jini sirantaka. Ana ce miki kada ki yi magana, kada ki haɗiye yawu, wanda shi ne abin da ya fi wuya, domin a daidai lokacin yawu ke taruwa. A karon farko sakamako ya fito cewa jini ya yi yawa, ba a sami isassun ƙwayoyin da za a duba ba. Aka sake, wannan karon ana kallon allon hoto ana bin allurar har cikin ƙullutun.

Takardar da na karɓo ranar nan har yanzu tana cikin jakata. Layi ɗaya ne ya dame ni, inda aka rubuta Bethesda IV. Likitan tiyata ya karanta, ya yi shiru kaɗan, sannan ya jawo farar takarda ya ce mu matso ni da maigida.

Ya ce masu duba ƙwayoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma sun yi yarjejeniya a wani taro a garin Betesda na Amurka a 2007 cewa za su riƙa raba sakamako gida shida, don likitan Kano da na Landan su fahimci abu ɗaya idan sun karanta. Gida na farko shi ne irin wanda na fara samu, ba a ga komai ba. Na biyu lafiya ƙalau, haɗarin kansa kusan kashi 4 cikin 100, a bar mutum ya tafi ana dubawa. Na shida kansa ce, kusan kashi 97, ba gardama. Na biyar ana zargi mai ƙarfi. Na uku da na huɗu su ne masu hana likita barci. Nawa na huɗu, a lissafin da aka sabunta a 2023, haɗarinsa kusan kashi 30 cikin 100 ne. Ya zana mata goma a jere, ya kewaye uku. Ya ce, "Malama, ban san ko kina cikin ukun nan ko cikin bakwan ba. Kuma ko na sake sa miki allura sau goma ba zan sani ba."

Na ce me ya sa. A nan ya yi bayanin da ya zauna mini a rai. Ya ce irin wannan ƙari yana da wata fata da ta nannaɗe shi. Mai lafiyar da mai kansar, ƙwayoyin cikinsu kamanninsu ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ko ƙwayoyin sun huda fatar sun fita, ko sun shiga jijiyar jini. "Allura tana shiga tsakar gida ta ɗebo ƙasa ta fito," in ji shi, "ba ta zagaya ta duba katanga. Mu kuwa abin da muke so mu sani shi ne ko an fasa katangar." Ba yadda za a ga haka sai an ciro ƙullutun ɗungurungum an yayyanka shi an duba gefensa duka. Ya ƙara da cewa a yankunan da aka daɗe ana ƙarancin aidin, irin wannan kansar mai suna folikula ta fi yawa fiye da yadda take a ƙasashen Turai da Amurka, don haka shi ba ya wasa da gida na huɗu.

Sai maganar nawa za a cire. Ya ce hanya biyu ce, a cire ɓangaren dama kaɗai, ko a cire duka. Maigida ya yi saurin cewa, "Likita, a cire duka mana, a yi ta ta ƙare." Likitan bai musa masa kai tsaye ba, ya dai ci gaba da zane. Ya nuna wata siririyar jijiya da ke bi ta bayan kowane ɓangare, ita ce ke motsa igiyar murya. Idan aka taɓa ta gefe ɗaya, murya ta dishe. Idan aka taɓa duka biyun, numfashi kansa na iya zama matsala. Ya nuna wasu ƙananan ƙwayoyi huɗu da ke manne a baya, masu kula da sinadarin kalsiyam a jini. A aikin rabi, biyun da ke ɗaya gefen ba a ko kusantarsu. A aikin duka, idan suka ji rauni sai leɓe da yatsu su riƙa sagewa, hannu ya ƙandare, wasu na ɗan lokaci, wasu har abada suna shan magani. Sannan wanda aka cire wa duka, shan ƙwayar maganin tayirod ya zame masa dole kullum har ƙarshen rayuwa. Wanda aka cire wa rabi, kusan ɗaya cikin biyar ne ke buƙatarta.

Amma bai ɓoye aibin aikin rabi ba. Ya ce idan sakamako ya dawo kansa ce kuma ta shiga jijiyoyin jini sosai, sai an sake kwantar da ni an cire ɗaya rabin. Idan ɗan hudawa kaɗan ta yi wa fatar, rabin ya wadatar. Ya ce ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka na 2015 sun yarda cewa ko kansa ce tabbas, idan ba ta wuce santimita 4 ba, ba ta bazu ba, aikin rabi na iya isa. Ya ajiye biro ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa, sai ya ce, "To ke ce za ki zaɓa, amma da ƙanwata ce, rabi zan yi mata."

Ƙanena da ke aiki a Amurka, da ya ji, ya kira ya ce a can akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi wa abin da allura ta ɗebo, ya ambaci Afirma da ThyroSeq, wanda idan ya fito da kyau mutane da yawa ana barinsu ba tiyata. Na kai maganar wajen likita. Ya ce gaskiya ne, kuma ya rage yawan tiyata a can, sai dai kuɗinsa dubban daloli ne, ga wahalar aika samfurin, kuma ko ya fito da kyau ba ya mayar da haɗarin sifili, sai an ci gaba da bibiya. Muka yi lissafi, kuɗin gwajin ya ninka na aikin. Na bar zancen. Ba zan ce raina bai sosu ba da na tuna cewa wata mai irin takardata a wata ƙasa ƙila ba za a taɓa wuyanta ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a duk lamarin, sun fi ranar aikin kanta. A gida an rabu uku. Gwaggo na nan kan bakanta cewa a bar abin da Allah Ya ajiye. Maigida da yayyena maza suna ganin a cire duka. Ƙanwar maigida tana bayan likita. Ni kuwa lissafin goma da uku ne ke yawo a kaina. Wani dare in ce bakwai ai sun fi yawa, me zai kai ni ga wuƙa? Da asuba in tuna autana da bai shiga firamare ba, in ce uku cikin goma ba abin wasa ba ne. Idan aka ce miki motar da za ki hau akwai yiwuwar haɗari uku cikin goma, ai ko kyauta ce ba za ki shiga ba. Na yi istihara, na yi shawara da malaminmu, ya ce neman magani ba ya kore tawakkali. Na zaɓi rabi.

Kafin aiki an tura ni sashen kunne da hanci da maƙogwaro, aka zura wata siririyar kyamara ta hanci aka duba igiyoyin muryata, don a san yadda suke kafin a taɓa. Aka hana ni ci daga tsakar dare. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne fitilar da ke sama da mai maganin barci yana ce mini in yi ta salati. Da na farka, akwai ɗan bututu a gefen wuyana yana zubar da jini cikin wata ƙaramar gora, maƙogwarona kuma yana zogi. Likitan ya sunkuyo ya ce, "Malama, faɗi sunanki." Na faɗa. Ya ce, "Alhamdulillah," ya juya ya tafi. Daga baya na gane ba sunan yake nema ba, muryar yake son ji.

Muryar ta fito, amma ba ta dawo yadda take nan take ba. Magana ta yau da kullum ba matsala. Sai dai in na zo jan madda mai tsawo, ko in ɗaga murya a aji, sai ta karye a tsakiya, numfashi ya ƙare mini. Ranar da na fara komawa Islamiyya na biya aya biyu na tsaya, na miƙa wa wata ɗaliba ta ƙarasa. A hanyar gida na yi kuka. Likita ya ce akwai wata jijiyar ta sama mai kula da ɗaga murya da kan gaji saboda jan da aka yi wa naman wurin, in ba ta lokaci, in rage ihu, in yawaita ruwa. Cikin 'yan watanni ta dawo. Tabon kuwa a cikin layin wuya aka yi shi. Da yake fatarmu na saurin yin tudun tabo, an ba ni wani mai na shafawa, kuma ya kwanta.

Sakamakon ƙarshe ya ɗauki makonni. Da ya fito, likitan ya karanta mini a hankali: ƙari ne mai lafiya, fatarsa ba ta huje ko'ina ba, bai shiga jijiya ba. Ina cikin bakwan. Na yi sujudush shukur a nan ofishinsa, a kan tayil.

Da na gaya wa Gwaggo, ta taɓe baki ta ce, "To ba ga shi ba? An yanka ki a banza." Kuma maganarta ta sami ƙarin ƙarfi bayan kusan wata biyu, da aka sake gwajin TSH aka ga ya hau. Rabin da ya rage bai iya ɗaukar aikin duka ba. Ina yawan jin sanyi, barci ba ya isata, jikina ya yi nauyi. Na zama ɗayan nan cikin biyar da ke buƙatar magani. Yanzu kullum da asuba ina shan ƙwayar lebotayiroksin da ruwa zalla, in jira akalla rabin awa kafin in sa wani abu a baki, kuma in ina shan maganin ƙarin jini sai na raba su da awa huɗu. A watan azumi nakan tashi kafin kowa in sha, sannan in shiga kicin haɗa sahur, kafin in gama lokacin ya yi.

Na yi ta juya maganar Gwaggo, kuma ban yarda da ita ba. A ranar da na sa hannu a takardar aiki, ba wanda ya san ina cikin bakwai. Da ukun ne, da ita ce za ta fara cewa Allah Ya sa an cire da wuri. Ba a auna shawara da abin da ya bayyana daga baya, ana auna ta da abin da aka sani a ranar. Abin da zan kira banza shi ne da na bi likitan farko: a cire duka, a sa jijiyoyin murya biyu da ƙwayoyin kalsiyam huɗu cikin haɗari, a kan ƙarin da ko hotonsa ba a ɗauka ba.

Kada kuma wata ta karanta wannan ta ɗauka cire duka kullum kuskure ne. A layin asibiti na saba da wata baiwar Allah daga wani ƙauye, ta girme ni kaɗan. Nata ƙullutun ƙarami ne, bai kai nawa ba, amma mai tauri, da fararen ɗigo a hoto, aji na 5, ga kaluluwa a gefen wuya. Allura ta nuna gida na shida. Ita an cire mata duka har da kaluluwar, daga baya aka tura ta Ibadan shan aidin mai ɗauke da radiyeshon da ke ƙone abin da ya rage. Na haɗu da ita a asibiti bara, ta yi ƙiba, tana ta ba ni labarin auren 'yarta. Girman ƙullutu ba shi ne ma'auni ba. Yawancin kansar tayirod, in an kama ta, tana jin magani fiye da yadda sunan ke tsoratarwa.

Bayan aikina wani abu ya taso da ban zata ba. Ƙannena mata da rabin ɗalibaina duk suka ce su ma sai an yi musu hoton wuya, alhali ba abin da suke ji. Na tambayi likita ko in tattaro su. Ya girgiza kai, ya ba ni labarin Koriya ta Kudu. A can an shiga yi wa masu lafiya hoton wuya barkatai, har adadin waɗanda aka ce suna da kansar tayirod a 2011 ya ninka na 1993 sau 15. Aka yi ta tiyata, dubban mutane suka koma shan magani har abada, wasu suka rasa murya, amma yawan masu mutuwa da cutar bai canja ba. Ƙananan ƙari ne aka yi ta tonowa waɗanda da an bar su ba za su taɓa cutar da mai su ba. Ya ce a Japan ma, asibitin Kuma da ke birnin Kobe tun 1993 yake bin masu ƙaramar kansar da ba ta wuce santimita 1 ba da hoto kawai, kuma yawancinsu ba ta girma. "Wadda ta ji ƙullutu, ko muryarta ta dishe ba mura, ko haɗiya ta yi mata wuya, ki turo ta," in ji shi. "Wadda ba ta ji komai ba, ki bar ta ta yi karatunta."

Cikin ƙannen nawa ɗaya ce ta cancanci zuwa, domin ita da gaske akwai abu a wuyanta, a hagu. Na raka ta. Jini daidai. A hoto aka ga ruwa ne da nama a gauraye, bakinsa sumul, ba duhu, ba ɗigo, aji na 2. Likitar hoton ta ce ba buƙatar allura. Likitan tiyata ya ce ta tafi gida, ta dawo in ta ga ya girma ko ya fara takura mata. Muna fitowa ta fara faɗa, wai an raina ta, ni an yi mini allura har da aiki, ita ko fanadol ba a rubuta mata ba. Sai da na zaunar da ita a benci na ciro biro na zana mata makin ɗaya bayan ɗaya a bayan katinta, sannan ta yarda muka nemi adaidaita-sahu.